Lagireton motar tseren dirag: abin da ake dubawa kafin a saya

Masu kallon tseren motoci na Amurka a YouTube sukan ci karo da abin da ke ɗaure kai. Motar Top Fuel, ɗaya daga cikin azuzuwan tseren dirag mafi sauri, wadda ake ƙiyasta ƙarfin injinta da doki 11,000, ba ta da lagireto, kuma babu ko ɗigon ruwa a cikin injinta. A fili guda kuma sai a ga tsohuwar motar Chevrolet Camaro mai doki 600, an cika mata gaba da ƙaton lagireto da fanka biyu, amma mai ita na ta fama da zafin inji. Shagunan kayan tsere suna ƙara ruɗa mai saye, domin sukan liƙa wa kowane lagireto adadin dokin da wai zai iya ɗauka. Wannan lamba ta fi amfani ga motar da za ta daɗe tana gudu ba tsayawa. A tseren dirag, wato gajeren tseren mota biyu a kan miƙaƙƙiyar hanya, abin da ke yanke hukunci shi ne minti nawa injin zai yi a kunne, wane irin mai yake sha, da kuma tazarar da za a ba shi kafin a sake kiran motar layi.

Yadda tseren yake, da inda zafi ke taruwa

Tseren dirag gasa ce ta mota biyu da ke tashi daga tsaye a kan miƙaƙƙiyar hanya. Tsawon da aka saba shi ne rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402, kodayake filaye da yawa suna amfani da rabin wannan, mita 201. Babbar hukumar wasan ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a California a 1951. Bayan hatsarin da ya kashe direba Scott Kalitta a Englishtown ta jihar New Jersey a 2008, hukumar ta rage tsawon tseren azuzuwan Top Fuel da Funny Car, mafi sauri a wasan, zuwa ƙafa 1,000.

Gudun kansa bai wuce daƙiƙa huɗu zuwa goma sha wani abu ba, gwargwadon ajin mota. Sai dai kafin a kai ga gudun, mota takan yi ta tashi da mutuwa a layin jira, ta jiƙa tayoyin baya ta murza su a wuri ɗaya har su yi hayaƙi don su kama ƙasa, sannan ta lallaɓa zuwa fitilun tashi. Idan abokin karawa mai jan ƙafa ne, ana iya ƙara rabin minti a nan inji na kuka. Bayan an ƙetare layin ƙarshe, ga doguwar hanyar komawa rumfar gyara, a hankali, babu wata iskar kirki da ke shiga ta gaba.

A ɗauki misali don a ga lissafin. Inji mai doki 700 yana ba da kusan kilowat 520. A ce zafin da ke shiga ruwa ya kai rabin wannan, kilowat 260. A daƙiƙa goma ya zama kilojul 2,600. Lita 12 na ruwa na shanye kusan kilojul 50 kafin zafinsu ya hau digiri ɗaya, kilo 200 na ƙarfen inji kuma na shanye kusan 92. Idan aka raba, ko da lagireto bai yi aikin komai ba, zafin zai hau ne da kusan digiri 18 na Salshiyos. Injin da ya tashi a digiri 70 zai isa ƙarshen fili bai kai 90 ba. Ke nan a lokacin gudu, ruwa da ƙarfe ne ke haɗiye zafin. Aikin lagireto na gaske yana gaban gudun da bayansa, a lokacin da mota ke tsaye ko tana rarrafe. Shi ya sa fanka da famfon ruwa suke da nauyi daidai da na lagireton kansa a wannan wasa.

Man da inji ke sha

Fetur yana ƙonewa daidai ne idan aka haɗa kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya nasa. Metanol kuwa kashi 6.4 kacal yake buƙata, don haka inji na shan fiye da ninki biyu. Kowane kilo na metanol kuma yana janye zafi kusan ninki uku na fetur yayin da yake zama tururi. Idan aka haɗa biyun, sanyin da man ke kawowa cikin inji ya haura ninki shida. Masu metanol da yawa matsalarsu ta koma akasin ta masu fetur: inji ya ƙi ɗumi, man ya sulale ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, a buɗe a tarar ya yi fari kamar kindirmo. Wanda ya ɗora wa irin wannan inji ƙaton lagireto ya ƙara wa kansa aiki ne. E85, wanda mafi yawansa etanol ne, yana tsakiya.

Top Fuel da Funny Car suna shan wani man tsere ne mai suna nitro, galan fiye da goma a fita ɗaya, kuma wannan ambaliyar man ce ke sanyaya injin. Gangar injin da kawunansa dunƙulallen alminiyum ne da ba a huda wa hanyar ruwa ba, ana kuma kwance injin a sake ɗaura shi bayan kowane gudu. Babu abin da mai ƙaramar mota zai kwaikwaya a nan.

Akwai kuma masu cika hanyoyin ruwan gangar inji da wani siminti na musamman, irin su Hard Blok, don bangon silinda ya daina lanƙwasa. Wasu su cika rabi, wasu su kai shi har ƙasan ramukan famfon ruwa. Ana yin haka kafin gogen ƙarshe na silinda, kuma idan ya bushe ba a komawa baya. Ruwan da ya rage a inji ya ragu, zafin ƙasan silinda ya koma kan baƙin mai, saboda haka agogon ruwa na iya nuna lafiya lau alhali mai yana dahuwa. Irin wannan inji sai da agogon zafin mai.

Mota uku, buƙata uku

Motar da ake kawowa fili a tirela, ta yi gudu ɗaya, a ba ta sa'a guda ko fiye, ƙaramin lagireto ya ishe ta. Ɗaya daga cikin sanannu shi ne samfurin Scirocco, wanda aka kwaikwayo daga na wata ƙaramar motar Volkswagen mai wannan suna: faɗinsa kusan inci 21, tsayinsa kusan 13. Kamfanoni kamar AFCO da Griffin suna ƙera shi da alminiyum. Masu goyon bayansa suna kafa hujja da nauyi. Ƙa'idar da 'yan tsere ke yawan faɗa ita ce kilo 45 na cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a rubu'in mil. Idan babban lagireto da ruwansa da fankokinsa sun fi ƙarami da kilo 9, asarar ta kai kusan 0.02 na daƙiƙa, kuma nauyin yana can gaba da tayoyin gaba, inda yake hana mota zama a kan tayoyin baya lokacin tashi. A ajin da wanda ya riga isa shi ya ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mota ta biyu ita ce ta tseren biraket, wanda shi ne mafi yawan talakawan wasan ke shiga. Direba yana rubuta lokacin da yake sa ran yi a gilashin motarsa, a saki mai jinkiri da wuri gwargwadon bambancin, wanda kuma ya fi lokacin da ya rubuta sauri ya faɗi. A nan sauri ba ya ba da nasara, maimaita lokaci ɗaya ne ke bayarwa, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Zafin inji na canza lokaci, don haka direbobi suna son su tsaya gaban fitilu da zafi ɗaya a kowane zagaye. Masu fetur da yawa sukan zaɓi wani wuri tsakanin digiri 70 da 80. A zagayen farko hakan ba wuya. Amma yayin da motoci ke raguwa, tazarar na tsukewa, har a kai ga mota na dawowa ana sake kiranta. Ƙaramin lagireto ba ya iya sauke zafin cikin minti biyar, sai direba ya shiga zagayen ƙarshe da injin da ya fi na safe zafi da digiri goma sha wani abu. Ga mai biraket, kilo 9 ɗin nan ba asara ba ce, tunda zai rubuta lokacinsa ne da nauyin a ciki.

Ta uku ita ce mai hawa titi. Gasar Drag Week ta mujallar Hot Rod, wadda aka fara a 2005, tana tilasta wa motoci su yi tsere kwana biyar, su kuma tuƙa kansu daga fili zuwa fili, tafiyar kusan mil 1,000. A 2019 Tom Bailey ya yi daƙiƙa 5.998 da gudun mil 250 a sa'a da motar da ta sha wannan tafiya. Irin waɗannan motoci suna buƙatar lagireto mafi faɗi da gaban mota zai ɗauka, domin cunkoson titi da hawan tudu da jan tirelar kayan gyara sun fi gudun daƙiƙa shida wahalar da ruwa. A nan ne kaɗai lambar dokin da ke jikin kwali take fara yin ma'ana, ita ma da sharaɗi, tunda a kan titi inji ba ya fitar da ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa.

Cikin lagireton

Saƙar lagireto bututu ne sirara da ruwa ke bi, da ganyayyakin ƙarfe a tsakaninsu da iska ke ratsawa. Jan ƙarfe ya fi alminiyum saurin watsa zafi, kuma masu son tsohon samfuri suna da gaskiya a nan. Sai dai bututun tsohon samfurin na tagulla ne, an liƙa su da dalma wadda ba ta watsa zafi sosai, kuma faɗinsu bai cika wuce rabin inci ba. Na alminiyum ana yinsu inci ɗaya ko ɗaya da kwata, saboda haka jeri biyu nasa na yin aikin jeri huɗu na tagulla, da ƙarancin nauyi. Abin da tagulla ta fi shi da shi shi ne sauƙin gyara. A na alminiyum, a nemi wanda aka gasa saƙarsa a tanderu aka kuma yi wa tankunansa walda. Wanda aka toshe bakin bututunsa da gam yakan fara tsiyaya bayan girgiza, mai tankin roba kuma bai dace da murfi mai ƙarfi ba.

Faɗin fuska ya fi kauri amfani. Jerin baya na samun iskar da na gaba ya riga ya ɗumama, kuma kauri na sa fanka ta kasa jan iska. Lagireto mai kaurin inci huɗu da raunanniyar fanka na iya kasa wanda bai kai shi kauri ba.

Tankuna na iya zama sama da ƙasa, ko a gefe da gefe. Motocin tsere sun fi son na gefe, saboda murfinsa na zaune a ɓangaren da famfo ke tsotsa. A na sama da ƙasa, murfi yana daidai inda ruwan zafi ke shigowa da ƙarfi, kuma idan inji ya kai juyi 7,000 a minti, famfon bel na iya ture murfin ya zubar da ruwa alhali inji bai yi zafi ba.

Sannan akwai yawan ratsawa. A mai ratsawa ɗaya ruwa na shiga ta gefe ya fita ta ɗaya gefen. A mai ratsawa biyu an raba tanki da shamaki, ruwa ya bi rabin saƙa ya dawo ta ɗaya rabin, ƙofar shiga da ta fita duk a gefe guda. Gudun ruwa a cikin bututu ya ninka, yana kaɗawa yana goga bango, zafi na fita da kyau. Kuɗin da ake biya shi ne tirjiya, wadda ke ninkuwa sau da yawa. Famfon bel mai ƙarfi zai jure, ƙaramin famfon lantarki kuwa yawan ruwan da yake turawa zai faɗi, ribar ta tafi. Kafin a biya kuɗi a duba ƙofofi: tsofaffin injinan Chevrolet suna shigar da ruwa ta sama a gefen direba su fitar ta ƙasa a gefen fasinja, na Ford akasin haka, kuma tiyon ƙaramin V8 na Chevrolet inci ɗaya da rabi ne a sama, ɗaya da kwata uku a ƙasa.

Famfo, fanka da tamostat

Famfon lantarki, irin na Meziere ko CSR ko Moroso, yakan tura galan 35 a minti, manya su kai 55. Yana sauke wa inji nauyin bel, amma babbar fa'idarsa ita ce yana aiki inji na kashe. Da an kashe inji mai famfon bel ruwa ya tsaya cik, zafin kawunan inji ya taru a wuri ɗaya, allura ta haura. Da famfon lantarki da fanka a kunne, zafi na sauka yayin da direba ke duba takardar lokacinsa. Rauninsa a doguwar tafiya ne, inda famfon bel ke ƙara turi yayin da inji ke ƙara juyi, shi kuwa yana nan a inda yake.

Fanka ta fi aiki a bayan lagireto tana jan iska, cikin mazurarin da ya rufe saƙar gaba ɗaya. Ba tare da mazurari ba, da'irar da fanka ta rufe kaɗai ke aiki, kusurwoyi huɗu na zaman banza. A toshe giɓin da ke tsakanin lagireto da gaban mota da soso, don iska mai zafi kada ta zagayo ta sake shiga. Adadin iskar da ake rubutawa a kwalin fanka galibi an auna shi ne babu komai a gabanta; yawan wutar da take ja ya fi faɗin gaskiya, kuma fanka mai ƙarfi na iya cin amfiya 20. Motocin tsere da yawa ba su da alteneta, don haka fanka da famfo suna cin batir ɗin da fulogi da famfon mai za su dogara da shi. Caja a rumfar gyara wajibi ce, kowace fanka kuma da rile da fis nata.

Cire tamostat, wanda sananne ne a garejojinmu, a motar tsere zalla mai famfon lantarki ba laifi ba ne, tunda direba na sarrafa zafi da makunni. A mai hawa titi ya kamata ya zauna. Masu famfon bel sukan maye gurbinsa da faifai mai rami, inci 5/8 ko 3/4 ko ɗaya. Ana yawan cewa faifan yana rage gudun ruwa ne don ya daɗe a lagireto ya huce. Wannan bayani bai tsaya ba, domin ruwan da ya daɗe a lagireto ya daɗe a inji ma yana ɗaukar zafi. Abin da faifan ke yi shi ne ƙara matsi a cikin gangar inji, wanda ke hana tururi taruwa a kusa da bawul ɗin hayaƙi, ya kuma kare murfi daga turin famfo.

Ruwa, murfi da dokar fili

Filaye da yawa sun hana ruwan sanyaya inji mai gilaikol, koren nan ko ja da ake sayarwa a galan. Yana da santsi, yana da wuyar gogewa daga kan hanyar da aka shafa wa gam don tayoyi su kama, kuma zubarsa na iya tsayar da tsere na dogon lokaci. Dokar ba ta cuci kowa ba ta fuskar sanyi, domin tsurar ruwa ya fi haɗin rabi da rabi ɗaukar zafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Abin da aka rasa shi ne kariya daga tsatsa da daskarewa. Ana amfani da tataccen ruwa marar gishiri, a ƙara masa maganin tsatsa marar gilaikol kamar Water Wetter na Red Line, a ƙasashen sanyi kuma a juye ruwan kafin hunturu, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa gangar inji. Dokar NHRA ta kuma wajabta gwangwanin tarar ruwan da murfi ya saki, mai cin aƙalla ma'aunin pint ɗaya na Amurka, kusan rabin lita, a ɗaure da noti ko maɗauri.

Murfi ba ya sanyaya komai, jinkirta tafasa yake yi. Ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku. Da murfi mai matsin fam 15 sai ya kai kusan 121. Tunda tsurar ruwa ya fi haɗin gilaikol saurin tafasa, 'yan tsere sukan ɗaura murfin fam 20 ko fiye. Tudu ma na da tasiri: a tsohon filin Bandimere kusa da Denver, mai tsayin ƙafa 5,800, wanda aka rufe bayan kakar 2023, ruwa a buɗe na tafasa a kusan digiri 94, iskar da ke ratsa saƙa kuma ba ta da kauri. Murfi mai ƙarfi yana nemo duk inda ya fi rauni, ko tsohon tiyo ko maɗauri ko ƙaramin lagireton hitar cikin mota. Ruwan da ya fashe a gaban tayoyin baya ana tsakiyar gudu hatsari ne ga direbobin biyu.

Laifin da ake ɗora wa lagireto ba nasa ba

Kuɗi da yawa na tafiya wajen sauya lagireton da ba shi da laifi. Idan mota na zafi a tsaye ta huce a gudu, matsalar iska ce: fanka, mazurari ko batir. Idan a kan titi take zafi, a duba faɗin saƙa, ƙarfin famfo, da tiyon ƙasa, wanda tsotson famfo ke iya matse shi idan babu sifirin a cikinsa. Allurar da ke hawa tana sauka alamar iska ce ta maƙale, abin da ke faruwa idan murfi ya fi kan inji ƙasa. Maganinsa ƙaramin tanki a wuri mafi tsayi, a kai murfin can. Injinan V8 samfurin LS na Chevrolet suna da ƙananan bututun tururi a kawunansu, kuma toshe su na jawo wannan matsala. Motar turbo ko mai nitrus (iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi) da ke tura ruwa cikin gwangwani a lokacin gudu kawai, kan inji ne ke ɗagawa hayaƙi na shiga ruwa ta gasket, kuma babu lagireton da zai gyara wannan. Taimin da ya yi latti da ƙarancin fetur a haɗinsa da iska su ma suna dafa inji.

Giyar otomatik mai riƙe mota a layin tashi tana dafa man giyar ƙwarai. Idan man na bi ta cikin tankin lagireto, zafin na komawa ruwan inji, don haka ya fi a ba shi nasa masanyayin daban. Masanyayin iskar turbo da aka girke a gaban lagireto shi ma yana miƙa masa iska mai ɗumi, wanda ya sa wasu ke komawa akwatin ƙanƙara a cikin mota, wasu kuma su mayar da lagireton baya, da shamakin ƙarfe tsakaninsa da direba.

Ɗauri shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Motar da ke ɗaga tayoyin gaba ta dawo ƙasa da ƙarfi tana murɗa duk abin da aka ɗaure kai tsaye a jikinta, alminiyum kuma ba ya jure lanƙwasa da miƙewa, sai ya tsage a mahaɗar bututu da tanki. Ana zaunar da lagireto a kan roba sama da ƙasa, ya ɗan sami wurin motsi. Kada a haɗa wayar ƙasa ta fanka a jikinsa. Don gwaji, a tsoma bakin mita a cikin ruwa, ɗaya bakin a kan batir ta ɓangaren mai alamar ragi (−), a kunna fanka da famfo: idan ta nuna fiye da bolt 0.3, wuta na bi ta ruwa, kuma za ta huda bututun daga ciki tun kakar tsere ba ta ƙare ba.